Kazata ta daina ƙwai ta fara cara: yaya sinadarin maza yake aiki a jikin tsuntsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai kiwon kajin gida ne. Ina da wata kaza 'yar shekara uku wadda ta yi mini ƙyanƙyasa sau da yawa. Tun bara ta daina ƙwai, zankonta ya ƙara girma ya yi jajir, kwanan nan kuma sai ga ta tana cara da asuba, muryar a shaƙe. Da ta zubar da gashi, sabon da ya fito mata a wuya da gindi dogo ne mai tsini irin na zakara. Mutanen gida sun ce in yanka ta don wannan ba alamar alheri ba ce. Abu na biyu, wani ya ba ni shawara in riƙa yi wa zakaruna allurar sinadarin maza, wai barbara za ta ƙaru, ƙwai ya riƙa ƙyanƙyashewa sosai. Don Allah yaya sinadarin nan yake aiki a jikin tsuntsu, kuma shawarar nan mai kyau ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Na ji daɗin yadda ka lura da kazar nan daki-daki, musamman da ka ambaci cewa gashin bai canza ba sai da ta zubar da tsohon. Wannan ita ce gaɓar da ta fi muhimmanci a labarin, za mu dawo kanta. A taƙaice, kazarka ba ta ɗauke da wani mugun abu, ciwo ne ya sami uwar ƙwanta. Allurar kuma kada ka yi. Dalilin duka biyun yana wuri guda.

Idan an yanka balagaggen zakara an fitar da kayan ciki, ka leƙa can jikin ƙashin baya, daidai saman ƙoda. Za ka ga wasu abubuwa biyu farare masu ɗan rawaya, surarsu kamar ƙwayar wake babba. Su ne marainansa. Na tsuntsu a cikin ciki suke, ba sa saukowa waje kamar na rago, kuma suna aikinsu lafiya lau a zafin jikin da ya kai digiri 41. A cikinsu ake haɗa sinadarin mazan da ake kira testostiron, daga kolestarol, bisa umarnin wani sinadari mai suna LH da ke fitowa daga wani ɗan ƙullutu a gindin ƙwaƙwalwa. Da zakara ma aka fara gano cewa akwai irin wannan saƙo mai bin jini. A 1849, a garin Gotingen na Jamus, wani masani mai suna Arnold Berthold ya ɗauki 'yan zakaru shida. Biyu daga cikinsu da ya cire wa maraina gaba ɗaya zankonsu ya ƙanƙance, suka daina cara da faɗa, ba ruwansu da kaji. Wasu biyun ya cire musu, sannan ya dasa wa kowanne na ɗan'uwansa guda ɗaya a tsakanin hanji. Waɗannan suka tashi cikakkun zakaru. Da ya buɗe su daga baya sai ya tarar abin da ya dasa ya kama, jijiyoyin jini sun shige shi, amma babu jijiyar saƙo ko ɗaya da ta haɗa shi da sauran jiki. Ashe ta jini saƙon yake tafiya.

Yawancin mutane a nan saninsu ya tsaya: jini ya ɗauki testostiron, idan ya yi yawa zakara ya yi ƙarfi, idan ya yi kaɗan ya yi sanyi. Da haka abin yake da shawarar abokinka ta yi daidai. Gaskiyar maganar ita ce testostiron kamar gyaɗa yake a hannun mata uku. Wannan ta matse ta fitar da mai, waccan ta dama kunu, ta ukun ta bar ta a rumbu har ta lalace. Gyaɗar ɗaya ce, abin da ya fito ya danganta da gidan da ta shiga. Haka kowane sashe na jikin tsuntsu, fata ko zanko ko hanta ko wani lungu na ƙwaƙwalwa, yana da nasa ma'aikatan da ake kira inzayim, waɗanda ke karɓar testostiron su sauya shi kafin ya yi aiki. Manya daga cikinsu uku ne. Na farko, 5-alfa ridaktes, yana mayar da shi wani sinadarin maza mai suna DHT, wanda ya fi shi kama makarɓar sinadarin maza (wato wurin da sinadarin ke shiga a ƙwayar jiki kamar makulli a kwaɗo) da ƙarfi. Na biyu, aromates, yana yanke masa ƙwayar kabon guda daga cikin 19 da yake da su, ya zama istiradayol, wato ainihin sinadarin mata. Na uku, 5-beta ridaktes, yana lanƙwasa shi. DHT na hanyar farko shimfiɗaɗɗe ne, na hanya ta uku kuwa a tanƙware yake kamar makullin da aka taka, ba ya shiga kwaɗon da kyau. Duk hanyoyin nan uku ba a komowa. Man gyaɗa ba ya sake zama gyaɗa, kuma wanda ya zama DHT ba zai ƙara zama istiradayol ba.

Hanyar farko ita ce ta abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji. Zanko da naman nan mai reto a ƙarƙashin baki suna cike da makarɓar sinadarin maza. Idan testostiron ko DHT ya isa gare su, jijiyoyin jini sukan buɗe, sannan wani abu mai yauƙi mai riƙe ruwa ya taru a ƙarƙashin fata, zanko ya kumbura ya miƙe ya yi ja. Zanko yana amsawa da sauri har ya zama shi ne ma'aunin masu bincike na farko: sai a yi wa zakara fiɗiya, a ba shi abin da ake zargin yana ɗauke da sinadarin, a riƙa auna zankon da abin awo. Irin wannan gwaji ya taimaka wajen bin sawun sinadarin har aka tace testostiron daga marainan bijimai a Amstadam a 1935. Cara ma ta wannan ɓangaren take. Kaza mai ƙwai ita ma tana yin nata sinadarin mazan kaɗan a uwar ƙwanta, shi ya sa zankonta ke ja yana sheƙi idan tana kan ƙwai, ya yamutse ya koɗe idan ta tsaya. Duk mai kiwo ya san wannan alama ko bai san dalilinta ba.

Hanya ta biyu ita ce mai ban mamaki, kuma ni har yau idan ina koyar da ita sai na ga ɗalibai sun ɗago kai. Salwar Japan, irin wadda ake kiwo don ƙwai a gonakinmu, ita aka fi yin wannan bincike da ita, musamman a ɗakin gwajin Jacques Balthazart a jami'ar Liyej ta Beljiyam. Namijin salwa yana da wani ƙullutu a saman duburarsa mai fitar da farin kumfa, idan ka matsa shi a hankali sai kumfan ya fito kamar na sabulu. Idan aka yi masa fiɗiya ƙullutun ya motse, ya daina kukansa, ya daina hawa mace. A ba shi testostiron, komai ya dawo. A ba shi DHT kaɗai, ƙullutun ya girma, kuka ya dawo, amma barbara ba ta dawowa yadda take. A ba shi sinadarin mata kuwa, sai ya koma hawa mace alhali ƙullutun na nan a motse. Gwajin da ya rufe bakin kowa shi ne a ba shi testostiron tare da maganin da ke toshe aromates: jininsa cike da sinadarin maza, ƙullutun ya kumbura, amma a sa masa mace a keji ba zai hau ta ba. An bi diddigi har aka gano wurin, wani ɗan gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a gaban mahaɗar jijiyoyin ido, wanda ya fi girma a namiji kuma yake cike da aromates. A nan ake mayar da testostiron sinadarin mata, shi ne kuma yake kunna sha'awar barbara. Testostiron da kansa yana ƙara yawan aromates a wurin, fiɗiya tana rage shi. An kuma gano cewa ƙwaƙwalwa na iya rage aikin inzayim ɗin cikin 'yan mintoci, ba tare da komai ya canza a jini ba.

An ga irin wannan rabon aiki a kurciya. John Hutchison a Kambirij ya daɗe yana nazarin wata kurciyar gida mai baƙin zobe a wuya, wadda asalinta daga kurciyar nan ta yankin Sahel take, irin da ake gani a arewacin Najeriya da Nijar. Namijinta yana da salon neman mace iri biyu. Akwai bin ta da sunkuyar da kai yana kuka, akwai kuma zama a inda yake son a yi sheƙa yana kiran ta da kaɗa fiffike a hankali. Na farkon sinadarin maza yake bukata, na biyun kuwa sai an sauya shi zuwa na mata a ƙwaƙwalwa. A tsuntsaye masu waƙa abin ya wuce nan. Barney Schlinger da Arthur Arnold sun nuna a 1991 da 1992 cewa a wani ɗan tsuntsun Ostireliya mai zane a ƙirji, aromates ɗin ƙwaƙwalwar namiji ya yi yawan da sinadarin matan da ake samu a jininsa ma daga ƙwaƙwalwa yake fitowa.

Hanya ta uku a nan tsuntsu ya bambanta da mu. A jikin mutum da dabbobi masu shayarwa, 5-beta ridaktes galibi a hanta yake, inda ake lalata sinadarin a zubar. A tsuntsu yana nan da yawa har cikin ƙwaƙwalwa, kuma a sassa da dama shi ke cinye kaso mafi tsoka na testostiron ɗin da ya shigo. Amfaninsa kamar na madatsar ruwa ne, yana rage abin da zai isa ga sauran hanyoyin biyu. Hutchison da Thierry Steimer sun ruwaito a 1981 cewa namijin kurciyar da ya daɗe da fiɗiya wannan inzayim yakan ƙaru a ƙwaƙwalwarsa, kuma adadin testostiron ɗin da zai tayar da wanda aka yi wa fiɗiya kwanan nan ba ya tayar da shi. A salwa an tarar inzayim ɗin ya fi yawa a ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikin ƙwai da ɗan tsako, sannan ya riƙa raguwa yayin da yake girma.

Wannan yana da ma'ana idan ka san cewa ƙwai ba ya zuwa hannu rabbana. Hubert Schwabl ya nuna a 1993 cewa uwar kanari, wani ɗan tsuntsu mai waƙa, tana zuba testostiron a gwaiduwa, kuma ƙwan da ta yi daga baya ya fi na farko samu. Binciken da ya biyo baya a wasu tsuntsayen ya nuna cewa ɗan da ke cikin ƙwai yana sauya mafi yawan wannan sinadari ta hanyar 5-beta tun kwanakin farko na kwanci. Ni dai ba na son kiran abin da ke fitowa ta wannan hanya shara, duk da littattafai da yawa haka suke ɗaukarsa. Tun 1967 masu bincike a Niyok suka ga cewa irin waɗannan sinadarai masu lanƙwasa suna ƙara haɗa jan sinadarin jini a ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Wanda bai buɗe ƙofar barbara ba yana iya buɗe wata.

Yanzu mu zo kan gashi, inda amsar kazarka take. Kowa zai ɗauka cewa dogon gashin wuyan zakara mai sheƙi da lanƙwasasshiyar jelarsa aikin sinadarin maza ne. To ka dubi zakaran da aka yi wa fiɗiya: zanko ya mutu, cara ta tafi, amma gashin wuya da jela suna nan, har sukan fi na sauran tsawo. A kaji, gashin zakara shi ne wanda fata ke fitarwa idan an ƙyale ta. Sinadarin mata ne ke danne shi ya fitar da gajeren gashi mai zagayayyen baki irin na kaza. Hujja mafi kyau ita ce wata ƙaramar kazar ado ta Ingila mai suna Sebright. Zakaranta yana cara, yana barbara, zankonsa ja, amma gashinsa sak na mace. Thomas Hunt Morgan ya yi wa irin waɗannan zakaru fiɗiya sama da shekara ɗari da suka wuce, sai ga shi sun fitar da cikakken gashin zakara. Abin ya zama kamar almara har zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da Jean Wilson da abokan aikinsa a Dalas ta Amurka suka gano cewa fatar wannan kaza tana da aromates fiye da kima saboda wani canji da ake gado. Testostiron ɗin jininsa daidai yake da na kowane zakara. Fatarsa ce ke mayar da shi sinadarin mata a gindin kowane gashi. Da aka cire maraina, fata ta rasa abin sauyawa.

Kaza kuwa uwar ƙwai ɗaya ce ke mata aiki, ta hagu. Ita ce curin nan na ƙananan gwaiduwa manya da ƙanana da ake tararwa a jikin bayan kaza mai ƙwai idan an fede ta. Ta dama tun tana cikin ƙwai take tsayawa, ta zama ɗan abin da da ƙyar ido ke gani. Ta hagun tana haɗa sinadarin maza, aromates ya mayar da mafi yawansa na mata, wannan kuma shi ke danne ta daman. Idan ƙari ko ƙurji ko wata cuta ta lalata ta hagu, sinadarin mata ya faɗi, sai ta dama ta farka ta girma ta zama wani abu mai kama da marainan zakara, ta fara fitar da sinadarin maza. Ka ga yadda alamomin kazarka suka jeru. Ƙwai ya tsaya saboda uwar ƙwai ta lalace. Zanko ya girma, cara ta zo, saboda sinadarin maza ya ƙaru. Gashi kuma ya canza saboda na mata ya ragu, kuma bai nuna ba sai bayan ta zubar da tsohon, domin gashin da ya gama fitowa matacce ne, ba ya jin saƙon jini. A ƙwayoyin halittarta har yanzu mace ce. Kada ka sa ran ƙwai daga gare ta, kada kuma ka ajiye ta a matsayin zakaran barbara. Idan tana cin abinci tana walwala, barin ta ba ya cutar da kowa. Idan ka yanke shawarar yanka ta, ka duba cikin da kyau. In ka ga ƙari, ko ruwa ya taru, ko farare-fararen ƙuraje a hanta da saifa, kada a ci, ka nuna wa likitan dabbobi, domin wasu cututtukan da ke kawo haka suna iya kasancewa a sauran garken.

Ragowar sinadarin da bai yi aiki ba hanta ce ke gamawa da shi. Takan lanƙwasa shi, ta liƙa masa wani abu da zai sa ya narke a ruwa, ya fita ta maɗaciya da ƙoda. Tunda kashi da fitsarin tsuntsu ƙofa ɗaya suke bi, duka a kashin kaji yake ƙarewa, har masu nazarin tsuntsayen daji sukan auna shi a kashi ba sai sun kama tsuntsun ba. Jinin mutum yana da wani furotin na musamman da ke riƙe sinadaran maza da mata ya hana a yi saurin lalata su. Tsuntsaye ba su da shi, don haka testostiron ba ya daɗewa a jininsu, yana hawa yana sauka gwargwadon lokaci da abin da ke faruwa a garke.

Game da allura, matsala ta farko ita ce ƙwaƙwalwa tana auna sinadarin da ke jini. Idan ta ga ya yi yawa sai ta rage LH, maraina su rage aiki su ƙanƙance. Maniyyi kuwa yana bukatar testostiron ɗin da ake haɗawa a cikin marainan kansu, wanda yawansa a can ya ninka na jini nesa ba kusa ba, allura ba ta cike wannan gurbi. Sai ka samu zakara mai jan zanko, mai yawan faɗa, yana tsattsage bayan kaji, ƙwai kuma yana fitowa ba ɗa. Ta biyu, ba ka da iko a kan hanyar da sinadarin zai bi bayan ya shiga, kuma zakaran da matsalarsa tsufa ce ko rashin lafiya ba ƙarin testostiron zai gyara shi ba. Ta uku, nama ne da iyalinka ko masu saye za su ci, ba daidai ba ne a zuba masa maganin da ba a yi don kaji ba.

Idan ƙyanƙyasa ta ragu, ka fara da fasa ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Wanda ka tarar da alamar jini ko mataccen ɗan tsako a ciki, zakara ya yi aikinsa, sai a nemi matsalar a wajen kwanci ko ajiyar ƙwai. Wanda ka tarar fes babu komai, shi ne zai sa a dubi zakara. Ka lissafa kaji nawa ke ƙarƙashinsa, kada su wuce kamar goma. Ka duba shekarunsa, domin bayan shekara biyu zuwa uku ƙarfin haihuwarsa yakan ja baya, gara ka kawo matashi daga wani gida don jini ma ya sabunta. Ka ɗaga shi ka taɓa ƙashin ƙirjinsa ka ji ko ya rame ko ƙiba ta yi masa yawa, ka buɗe ƙarƙashin fiffike ka nemi ƙwarƙwata, ka duba tafin ƙafarsa, domin zakara mai ciwon ƙafa ba ya iya hawa. A watannin bazara kuma ka sama musu inuwa da ruwa mai sanyi, zafi mai tsanani yana rage ingancin maniyyin zakara ko da zankonsa na nan jajir.